Wa Ke Amsa Wasiƙun Misis Pinkham?

Duk wanda ya buɗe jaridar wani ƙaramin gari a Amurka a shekarar 1905, sai ya ratsa kasuwa kafin ya iske labari. Ga tallar murhun ƙarfe, ga keken ɗinki da ake biya kaɗan-kaɗan, ga sabulu, ga takalman yara, ga rigar nan mai igiya da matan zamanin ke matse ƙugu da ita har numfashi ya yi musu wuya. Amma babu hajar da ta kai magani cin fili. A cikin masu maganin kuwa akwai fuska ɗaya da kusan kowane gida ya sani: wata dattijuwa mai furfura, an tattara gashinta baya, baƙar riga da farin leshi a wuya, tana kallo irin na kakar da ta ga jiya ta ga yau. Ƙarƙashin hoton an rubuta Lydia E. Pinkham's Vegetable Compound. Kwalba ɗaya dala 1, shida dala 5.

Maganin na mata ne. An jera abin da aka ce yana warkarwa: ciwon mara lokacin al'ada, rikicewar al'ada, farin ruwa, zazzagowar mahaifa, ciwon baya, yawan kasala, da wahalhalun da ke zuwa idan al'ada ta zo ɗaukewa. Irin wannan jeri kowane mai magani yana da nasa. Abin da wannan talla ta fi sauran da shi yana can ƙasa, kusa da ƙarshe. Gayyata ce. Duk macen da ke fama da wani abu da take jin nauyin faɗa wa likita, ta rubuto wa Misis Pinkham a garin Lynn da ke jihar Masacusets. Shawara kyauta ce. Mace za ta buɗe wasiƙar, mace za ta karanta, mace za ta ba da amsa, idon namiji ba zai sauka kanta ba. Hujjar da ake kafawa ita ce dai wadda mu ma muka sani, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Mata kuwa suka amsa kira. Matan manoma da ke nesa da asibiti, 'yan mata ma'aikatan masaƙu, amare, masu jego, duk suka riƙa zuba wa takarda abin da ba su taɓa faɗa wa mazajensu ba. Bayan 'yan kwanaki amsa ta iso, da sunan Misis Pinkham a ƙasa. Wace ce ke zaune a Lynn tana karanta duk wannan, tana ba kowa amsarta?

Alama ta farko tana nan a fili, cikin hoton kansa. Tun 1879 aka fara buga shi, kuma a 1905 babu abin da ya canja: furfurar nan ce, leshin nan ne. Shekara 26 fuska ba ta ƙara ko layi ɗaya na tsufa ba. An haifi Lydia Estes a Lynn a watan Fabrairu na 1819, ke nan da mai karatu ya yi lissafi da ya ga cewa matar da ake cewa tana ɗakinta na haɗa magani tana yi wa matan Amurka hidimar da ta fi ta likitan gida, ta kai shekara 86. Ba abin da zai hana tsohuwa mai irin wannan shekaru ta yi rubutu, amma biri ya fara kama da mutum.

Ita dai matar ba ƙirƙirarta aka yi ba, kuma wannan ne ya ba tallar ƙarfi. 'Yar gidan mabiya ɗarikar Kirista ta Kwaka ce, ta yi aikin koyarwa, tana cikin masu yaƙi da bautar da bayi, gidansu kuma sun san Frederick Douglass, jigo a wannan yaƙi, lokacin da yake zaune a Lynn. A 1843 ta auri Isaac Pinkham, mutum mai yawan shiga harkar filaye. Ta daɗe tana dafa saiwoyi a madafinta tana ba maƙwabta kyauta. Da tattalin arzikin Amurka ya rushe a 1873, Isaac ya karye, gida ya shiga halin ni-'yasu. A 1875 'ya'yanta maza suka ga cewa abin da uwarsu ke bayarwa sadaka zai iya ciyar da su. Ɗaya daga cikinsu, Daniel, ya tafi Buruklin yana bi ƙofa-ƙofa yana raba 'yar ƙasida mai shafi huɗu. Shi ne kuma ya kawo shawarar a sa hoton uwar a talla, ciniki ya buɗe daga nan. A waɗannan shekarun na farko Lydia da kanta ke amsa wasiƙu, kuma shawarwarinta ba na banza ba ne: tsabta, motsa jiki, shan iska, abinci mai sauƙi, a sassauta matsatstsiyar riga. Takardunta suna nan ajiye a ɗakin karatu na Schlesinger da ke Jami'ar Harvard. Wato akwai lokacin da alkawarin tallar gaskiya ne ɗari bisa ɗari.

Wanda ya fara jan zaren shi ne Edward Bok, haifaffen ƙasar Holan, editan mujallar mata ta Ladies' Home Journal da ke fitowa daga Filadelfiya. Mujallar ta haura kwafi miliyan 1 a 1903, kuma tun 1892 ta daina karɓar tallar irin waɗannan magunguna, don haka bakinta a sake yake. A 1904 Bok ya buɗe wa masu maganin wuta, sai dai ya yi tuntuɓe tun a fitar farko. Ya buga cewa wani magani mai suna Doctor Pierce's Favorite Prescription yana ɗauke da barasa da ofiyom, ashe sakamakon gwajin da ya dogara da shi tsoho ne, na kusan shekara 25 baya. Kamfanin ya kai ƙara, aka ci mujallar tarar dala 16,000. Wannan mari ne ya koya wa Bok cewa a irin wannan faɗa zargi ba ya isa, sai hujjar da za a iya ɗorawa kan tebur. Ya ɗauki wani matashin lauya, Mark Sullivan, wanda bai daɗe da gama karatun shari'a a Harvard ba, ya sa shi bin diddigi.

Abin da Sullivan ya yi game da Misis Pinkham ba ya buƙatar wata basira ta musamman, kuma a nan abin mamakin yake. Ya je Lynn. Ya shiga maƙabartar Pine Grove da na'urar ɗaukar hoto. Ya tsaya gaban wani dutsen kabari na gidan Pinkham, ya ɗauki hotonsa. A jikin dutsen an sassaƙa sunan Lydia E. Pinkham, da ranar rasuwarta: 17 ga Mayu, 1883.

A fitowar watan Satumba na 1905 mujallar ta buga abubuwa biyu kafaɗa da kafaɗa. A gefe ɗaya tallar da ke cewa Misis Pinkham tana ɗakinta na haɗa magani a Lynn, a ɗaya gefen hoton kabarin. Ba a buƙaci dogon sharhi ba. Shekara 22 ke nan mata na buɗe cikinsu ga wadda ke kwance a ƙasa. Ƙarshen rayuwarta ma na tausayi ne: 'ya'yanta biyu da suka fi kowa wahala a kan cinikin, Daniel da William, tarin fuka ya ɗauke su a shekara ɗaya, 1881, ita kuma shanyewar jiki ta kama ta, ba ta daɗe ba ta bi su.

To amma kabari ya amsa rabin tambayar ne kawai. Ya nuna wadda ba ta rubuta wasiƙun ba, bai nuna wadda ta rubuta ba.

Kamfanin ya fito da amsa, kuma amsar ta nuna an daɗe da shirya wa wannan rana. A al'adar Turawa, mace na ɗaukar sunan gidan mijinta. Charles, ɗan da ya rage, wanda ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1900, yana da mata mai suna Jennie. Ita ma Misis Pinkham ce. Kamfanin ya ce shi bai taɓa nufin Lydia ba, surukarta yake nufi. Daga nan tallace-tallacen suka fara bayani dalla-dalla cewa Misis Pinkham ta yanzu matar ɗan Lydia ce, wadda ta taimaka mata kafin ta rasu. In aka koma aka duba tsofaffin tallace-tallacen za a ga dabarar: a wajen sunan magani sai a rubuta Lydia E. Pinkham cikakke, a wajen gayyatar wasiƙa sai a tsaya a Misis Pinkham. Lauya zai ce ba a yi ƙarya ba. Ni kuwa a ganina an yi, kuma irin wadda ta fi muni, domin an gina ta da gangan daga kalmomin da kowace ɗaya gaskiya ce. Hoton dattijuwa na sama, gayyata na ƙasa. Babu macen da ta karanta ta ɗauka da wata daban take magana, kuma masu tsara tallar sun san haka.

Ko an yarda da zancen Jennie, lissafi bai fita ba. Tallar da kanta tana alfahari da dubun dubatan wasiƙun da ke shigowa. Hannu ɗaya ba zai iya ba. Abin da ke Lynn sashe ne guda na ofis, cike da mata ma'aikata da tafireta. Akwai amsoshi da aka riga aka tsara wa kowane irin ƙorafi. Wasiƙa ta zo, a duba me ta ƙunsa, a zaɓo sakin layin da ya dace, a buga, a sa suna. Duk inda amsar ta bi ta zaga, tana ƙarewa ne a kan a ci gaba da shan maganin. Ka ƙaddara matar da ta jira yara suka yi barci, ta matso da fitila, ta yi ta goge kalma tana sake wata saboda kunya, tana neman yadda za ta faɗi cewa jini ya ƙi tsaya mata. Abin da ya dawo mata shi ne abin da aka aika wa wasu ɗaruruwa a makon.

Daga nan Sullivan ya gano wani abu da ya wuce gidan Pinkham, ya shafi sana'ar gaba ɗaya. Wasiƙun marasa lafiya su ma haja ne. A birnin Niyok akwai dillalai da ba su da sana'a sai sayen tsofaffin wasiƙu daga kamfanonin magani. Sukan ware su bisa ga ciwo, na masu tari daban, na masu ciwon ƙoda daban, na mata daban, su ɗaure ƙunshi-ƙunshi, su sayar ko su ba da haya ga wani mai maganin da ke neman adireshin waɗanda ya tabbata suna cikin damuwa. Mutum ya rubuta sirrinsa wuri ɗaya, sai ya ga takardun talla na zuwa masa daga wurare goma. Kamfanin Pinkham ya dage a tallace-tallacensa cewa wasiƙun matan ba sa barin hannunsa, kuma ba ya buga shaidar kowa sai da izininta a rubuce. Amma ko a hannunsa, wasiƙar jari ce. Daga cikinsu ake tsamo shaidun da ke cika shafukan jarida, da suna da hoto da sunan unguwa, kowace na cewa likitoci sun gaza, kwalba ta yi aiki. Shawarar kyauta ita ce ke samar da tallar gobe.

Saura tambayar da ta fi damuna. Mutuwar Lydia Pinkham ba a ɓoye ta faru ba. Sananniyar mace ce a garinta, an yi mata jana'iza, kabarinta na maƙabartar da kowa ke shiga, kuma Lynn ba ta da nisa da Boston mai manyan jaridu. Me ya sa aka shekara 22 babu jaridar da ta ga abin a matsayin labari, alhali su ne ke buga tallar kullum?

Sullivan ne ya sake samo bakin zaren. Ya sami bayanan tarurrukan ƙungiyar masu kamfanonin magani, Proprietary Association of America, ya kuma sami kwafin yarjejeniyoyin talla. Rahoton ya yi wa mujallar Bok tsawo, sai mujallar Collier's ta buga shi a watan Nuwamba na 1905. A cikin yarjejeniyoyin akwai wani sharaɗi da akan buga da jan tawada, wanda F. J. Cheney na garin Toledo, mai maganin Hall's Catarrh Cure, ya yi alfaharin ƙirƙira a gaban 'yan uwansa. Sharaɗin ya ce idan jihar da jaridar take ta kafa dokar da ta takura wa sayar da irin waɗannan magunguna, yarjejeniyar ta warware. Wasu kamfanonin suka ƙara da cewa ko rubutun da zai ɓata musu suna aka buga a jaridar, to an rabu. Da wannan layi ɗaya aka mayar da kowane edita lauyan masu magani. Ƙudurin doka na shiga majalisar jiha, sai wayar tangaraho ta iso ofishin jarida tana tunatar da shi jan rubutun. A watan Maris na 1905 majalisar Masacusets ta yi zazzafar muhawara kan ƙudurin tilasta bayyana abin da ke cikin magunguna. Washegari jaridun jihar suka yi gum, in ban da Springfield Republican. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ƙananan jaridu da yawa kuɗin tallar magani ne ke biyan takarda da albashi, kuma Pinkham na cikin manyan masu biya. Ɗan jarida Samuel Hopkins Adams, wanda ya fara jerin rahotanninsa a Collier's a watan Oktoba na 1905, ya ƙiyasta cewa Amurkawa za su kashe kusan dala miliyan 75 a shekarar kan waɗannan kwalabe. Ba a buƙaci a ce wa kowa ya yi shiru a kan kabarin ba.

Kwalbar fa, me ke cikinta? Saiwoyi da tsirrai ne na gargajiyar Amurka, har da hulba da muka sani a kasuwanninmu. Babu ofiyom, babu hodar iblis, kuma wannan ya kamata a faɗa, domin wasu sun fi ta ɓarna nesa ba kusa ba: Mrs. Winslow's Soothing Syrup da ake ɗura wa jarirai masu fitar haƙori, mofin ne a ciki. Abin da ke cikin na Pinkham shi ne barasa, kusan kashi 20 cikin 100 bisa gwajin da Bok ya buga, wato ninkin giyar kwalba har kusan sau huɗu. Barasar wani magani mai suna Peruna ta kai kashi 28. Matan da ke zanga-zangar a rufe mashaya na cikin masu sha da cokali sau da yawa a rana, ba su sani ba, har wasunsu na ba da shaida. Sauƙin da mace ke ji bayan ta sha na gaske ne, sai dai ba daga inda take zato yake zuwa ba.

A ranar 30 ga Yuni, 1906, Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar tsabtar abinci da magunguna, wadda masanin sinadarai na gwamnati Harvey Wiley ya daɗe yana fafutuka a kai. Dokar ta tilasta a rubuta a jikin kwalba idan akwai barasa, mofin, ofiyom, hodar iblis, tabar wiwi da makamantansu. Kwalbar Pinkham ta fito da sabon rubutu: barasa kashi 18, wai don narkar da haɗin da hana shi lalacewa kawai. Amma dokar na da manyan ƙofofi. Takardar jikin kwalba ta shafa, ba ta taɓa tallar jarida ba. A 1911 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar wani mai sayar da maganin ciwon daji mai suna Johnson, cewa dokar ta hana ƙarya kan abin da ke cikin magani ne, ba ƙarya kan abin da yake warkarwa ba. Gyaran da aka yi a 1912 ya ce sai an tabbatar da niyyar zamba, abin da ke da wuya a kotu. Sai a 1938 gwamnatin tarayya ta sami cikakken ikon hukunta ƙaryar talla ita kanta.

Mai karatu zai zaci hoton kabarin ya binne kamfanin. Bai binne shi ba. Ciniki ya ci gaba da hawa har ya kai ƙololuwa a 1925, shekara 20 bayan tonon asirin. Wannan ne ƙulli na ƙarshe, kuma kuskure ne a warware shi da cewa matan ba su da wayo. A duba abin da ke gabansu. Likitoci kusan duk maza ne, kuɗinsu ya fi dala 1 nesa, kuma tarbiyyar zamanin ta sa mace ba ta iya ambaton sassan jikinta a gaban namiji. Dokar Comstock ta 1873 ta sa aika bayanan da suka shafi hana ɗaukar ciki ta gidan waya ya zama laifi, ta kuma jefa tsoro a kan duk wata magana ta fili game da jikin mace. Wadda ta daure ta je wurin likitan mata kuma tana iya ƙarewa a kan teburin tiyata: tun daga 1872 wani likita a jihar Jojiya, Robert Battey, ya yaɗa aikin cire wa mace lafiyayyun ma'ajiyar ƙwai don maganin ciwon al'ada da abin da ake kira rikicin jijiya, aka yi wa dubban mata, wasu ba su tashi ba. Tsakanin wuƙa da kwalba, da yawa sun zaɓi kwalba, kuma ban ga laifinsu ba. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Laifin yana wurin waɗanda suka gane wannan tsoro suka mayar da shi jari. Tallace-tallacen Pinkham sun yi ta buga labaran matan da aka ce sun tsira daga tiyata, har suna iƙirarin cewa maganin na narkar da ƙari a mahaifa idan yana farkon fitowa. Mai ciwon mara na wata-wata ta yi asarar dala ɗaya. Mai zubar jinin da ciwon daji ne ke haddasa shi, wadda ta rubuta tana neman a faɗa mata gaskiya aka aiko mata da shiryayyen sakin layi, ta yi asarar watannin da aikin likita zai iya cetonta a cikinsu.

Bayan 'yan shekaru kamfanin ya daina fakewa da suruka ma. Gayyatar ta koma cewa a rubuto wa kamfanin Lydia E. Pinkham Medicine Company a Lynn, mace za ta buɗe, ta karanta, ta amsa cikin sirri. An faɗa musu ƙarara cewa ofis suke rubuta wa, wasiƙu kuma ba su daina zuwa ba. A 1914 aka sake haɗin maganin don kauce wa a lissafa shi cikin kayan maye, aka rage barasar. Zuriyar Lydia ta riƙe kamfanin, cikin rigingimun gado tsakanin 'ya'yan Charles da ɓangaren ƙanwarsa Aroline, har zuwa 1968 da suka sayar wa Cooper Laboratories.